Sunan Bajamushe a Saman Ƙofarmu

Sunan gidanmu ba na Hausa ba ne, ba na Larabci ba ne, ba kuma na Yarbawan da muke zaune a garinsu ba. Sunan wani Bajamushe ne. Ba zan rubuta shi a nan ba, domin har yau shi ne ke bin bayan sunana a wurin aiki, kuma duk wanda ya taɓa kwana a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, zai gane ko ni 'yar wane gida ce. Tun ina ƙarama nake ganinsa a saman ƙofar zaurenmu, an fitar da haruffansa da siminti, an shafa musu koren fenti. Idan baƙo ya sauka a tashar Ojoo da jakarsa yana neman gidanmu, wannan sunan kawai zai faɗa wa mai okada, wato ɗan acaɓa. Harshen Sabo ya daɗe yana cin gefensa kamar sabulun da ya jima a hannu, har ya yi laushi a baki, amma ba wanda ya taɓa ɗauka namu ne na asali.

Kakana ne ya jawo mana shi. Ya zo Ibadan yana saurayi a bayan motar goro, ya yi ta buga-buga har ya koyi tuƙi, daga nan ya samu aiki wurin wani Bajamushe mai haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyukan da ke kewaye da gari. Shi yake tuƙa shi, shi yake yi masa tafinta da guntun Yarbancin da ya tsinta. A Sabo masu suna irin na kakana sun yi yawa, a layi ɗaya ma sai ka samu da dama, don haka ake bambanta mutum da maigidansa, a ce wane na wane. A hankali mutane suka gaji da faɗin sunan farko, suka bar na biyun shi kaɗai. Bajamushen ya gama aikinsa ya koma ƙasarsu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Sunan kuwa ya zauna. Da kakana ya sayi babbar motarsa ta farko, shi aka rubuta a goshinta. Da ya gina gida, shi aka ɗora a ƙofa. Da aka kai mahaifina makarantar boko, shi aka jingina masa a bayan sunansa, mu ma muka gada.

Ban san kakana ba, ya rasu kafin a haife ni. Duk abin da na sani game da shi daga bakin kakata Iya na ji shi, mahaifiyar babana, wadda na tashi a ɗakinta.

Iya mace ce ta da, mai kunya irin wadda yanzu ba a cika gani ba. Tun ranar da aka kawo ta gidan ba ta taɓa furta sunan yankan mijinta ba. Idan wani yaro a unguwa yana da sunan, sai ta laƙaba masa wani. Ba ta kuma taɓa faɗin sunan mahaifina ba, domin ɗan fari ne, har ya koma ga Allah ba ta kira shi da baki ba, sai dai ta ce "kai" ko ta aika a kira shi. Bakinta cike yake da sunayen da ta rufe. Amma sunan Bajamushen nan tana faɗinsa hankali kwance. Na taɓa tambayarta dalili ina yarinya, ta ce ai wannan ba nasa ba ne, na aro ne, ba da shi aka yanka masa rago ba, don haka babu rashin kunya a ciki. Da shi take kiransa yana raye idan abinci ya sauka, da shi take yi masa faɗa idan ya daɗe a hanyar Arewa bai aiko ba. Bayan ya rasu, da shi take ba mu labarinsa.

Da rana bayan azahar takan zauna a bakin ƙofar ɗakinta tana ware goro, tana fitar da mai tsutsa, tana sauya wa sauran ganye. Ƙaramar sana'arta ke nan da ta ƙi bari. Ni kuma ina kwance a tabarma kusa da ita da littafin da ba karantawa nake yi ba. Sai ta fara: wane ya taɓa kwana a daji da motarsa saboda gada ta karye, wane ba ya cin amala sai in ba shi da zaɓi, wane ya taɓa kawo mata turmin atamfa mai launin da ta tsana, ta ɗaura shi har ya mutu a jikinta. Idan ta faɗi sunan, muryarta takan ɗan sauka. A nan nake ganin mutumin, dogo, mai ƙanshin man inji da goro.

Yayana shi ne babba a gidan tun rasuwar Baba. Yana sayar da albasa a Kasuwar Shasha, yana fita da sassafe, ya dawo da jajayen idanu. Mutum ne mai tsoron Allah, ba shi da mugunta, amma idan abu ya tsaya masa a rai ba ya sauka. Lokacin da matarsa ta kusa haihuwar fari ne ya fara maganar sunan. Ya ce a wurin karatu an yi musu bayani cewa mutum da ubansa ake danganta shi, ba da wani baƙo ba, kuma ya kamata Musulmi ya san ma'anar abin da ake kiransa da shi. Ya ce ba zai jingina wa ɗansa sunan mutumin da ba mu san addininsa ba, ba mu san kabarinsa ba. Yana so a kankare na saman ƙofa, a koma sunan kakanmu na gaskiya.

Iya tana wasan jika da shi, angona take ce masa. Da farko da wasan ta ɗauki maganar. Ta ce ango da ko zani bai taɓa saya mata ba shi ne zai zo ya sauya mata gida. Ya ce tsohuwar amarya ta yi haƙuri, bana albasa ba ta yi ba. Suka yi dariya. Amma ya ci gaba da tayar da maganar, a wurin cin abinci, a zaure, a gaban baƙi, har gidan ya gundura. Na lura Iya ta daina yin dariyar. Ba ta taɓa cewa abin da take tsoro ba, ni ce na san shi, domin ni nake kwana a ɗakinta. Idan aka kori sunan nan daga gidan, ba ta da sauran abin da za ta kira mijinta da shi.

Wata rana da hantsi ta kira ni. A lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a.

"Ke 'yar boko," ta ce, "duk wannan karatun naki ba zai iya nemo mini ma'anar suna ɗaya ba? Ki nemo, in toshe wa angon nan baki. Mutumin kirki ne Baturen, uwarsa ba za ta sa masa sunan banza ba."

Na ce mata to, da murnata ma. Ni mai son irin wannan ce, in bi kalma a baya har in ga inda ta fito. A raina na riga na gama saƙa abin da zan tarar: haske, ko kogi, ko wani tsuntsu na ƙasar sanyi.

Na fara dubawa a waya, na ga abin da na gani, na ce ba zan yarda da waya ba. Na tafi sashen harsunan Turai na makarantarmu, na samu wata malama Bayerabiya, dattijuwa, da ke koyar da Jamusanci. Na rubuta mata sunan yadda yake a ƙofarmu. Ta yi murmushi, ta faɗe shi yadda masu shi suke faɗa, da wani sauti daga maƙogwaro wanda ban taɓa ji a Sabo ba. Ta ba ni kujera, ta yi mini bayani a natse.

Ta ce tsohon suna ne ƙwarai, ya girmi ƙasar Jamus ɗin kanta. Mutanen da na can, tun suna ƙabilu a cikin dazuzzuka, kalma biyu suke haɗawa su yi wa yaro suna, kamar fatan alheri ake yi masa. Sau da yawa ɗaya dabba ce ko makami, ɗayar kuma hali. A namu, kalma ta biyu tana nufin ƙarfi da taurin zuciya. Ta farkon kuma aladen daji ce, namijin, mai haure. Ta ce a wurinsu babu dabbar da ta kai shi jarumta, domin ba ya gudu idan an ritsa shi, juyowa yake yi ya fuskanci mashi. Mayaƙa har siffarsa suke ɗorawa a kan hular ƙarfensu. Sarakuna sun amsa sunan, manyan malaman coci ma sun amsa shi. Da garuruwa suka cika, masu suna ɗaya suka yi yawa, sai aka fara kiran mutum da sunan ubansa, a haka sunan yanka ya zama sunan zuri'a. Ya tsallaka ƙasashen maƙwabta, kowane harshe ya lanƙwasa shi yadda ya iya. Yanzu a can, in ji ta, sunan tsofaffi ne, da wuya a ga an sa wa jariri.

Na ce mata mu ma haka ya same mu, masu suna ɗaya ne suka yi yawa. Abin ya ba ta sha'awa sosai, har ta ce in rubuta labarin. Sai da ta dubi hijabina ta dubi fuskata sannan ta gane. Ta ce "pele", sannu ke nan da Yarbanci, ta raka ni har bakin ƙofa.

A motar da ta kawo ni Mokola, kusa da Sabo, na zauna a gefen taga ina ta juya maganar. Gaskiya ni sunan bai munana a idona ba. Ina ganin wata mata a wani gida na katako, sanyi ya rufe ko'ina, tana riƙe da jariri tana so ya zama wanda ba ya gudu. Ina ganin sunan yana tafiya daga baki zuwa baki shekaru aru-aru, har ya hau jirgin ruwa, ya zo ya kwanta a goshin motar goro. Amma na san gidanmu. Ko sunan dabbar nan ba a faɗa a tsakar gida sai an ce a'uzubillahi. Daga Mokola zuwa gida tafiya ce kaɗan, ranar nan ta yi mini tsawo.

Na yi kwanaki ina kauce wa Iya. In ta tambaya in ce malamar ba ta nan, da ma wasu ranakun ba ta nan ɗin. Na yi ta shirya yadda zan faɗa mata mu biyu, in fara da jarumtar, in bi da sarakunan, dabbar ta zo a ƙarshe a hankali. Na so in ba ta lokaci ta riƙe abin ita kaɗai kafin kowa ya ji.

Ban samu hakan ba. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Yaya ya shigo gaishe ta, ya sake ɗauko maganar. Iya ta ga na fito daga ɗaki, ta ce yauwa, ga mai amsar nan. Na ce mata ta bari sai anjima, akwai abin da nake so mu yi magana a ɗaki. Ta ƙi. Ta ɗauka kunya nake ji, ko ina tausaya wa Yaya kada ya sha kaye a gaban matarsa. Ta ce in faɗa a nan kowa ya ji, ita ba ta da abin ɓoyewa. Har ta gyara zama, ta ture faifan goron gefe.

Na faɗa yadda na shirya. Na ce kalma biyu ce, ɗaya tana nufin ƙarfi da taurin zuciya. Iya ta dubi Yaya tana kaɗa kai, ta ce ka ji ko. Na yi maganar sarakuna, na yi maganar mayaƙa. Yaya ya san ni, ya san idan ina zagaye. Ya tambaye ni ɗayar kalmar fa.

Na faɗa.

 Matar Yaya ta tashi da cikinta ta shige ɗaki. Na jira Yaya ya ce ai ya faɗa, bai ce ba. Kansa ya sunkuyar, ina jin ya fi kowa jin nauyin nasarar da ya samu. Na ci gaba da magana don kada shirun ya kashe mu, na ce su a wurinsu yabo ne, kamar yadda mu muke cewa zaki, ba ƙazanta suke nufi ba, kuma ba wanda ya san ma'anar a duk faɗin Sabo.

"Yanzu ai na sani," in ji Iya.

Ta jawo faifan ta ci gaba da ware goronta. Can ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba, ko shi Baturen ya san ma'anar. Na ce wataƙila, wataƙila kuma bai taɓa tunaninta ba, kamar yadda mutane da yawa ba sa tunanin nasu. Ta tambaya ko mijinta ya sani. Na ce ba na jin ya sani. Ta ce to alhamdulillahi.

An yi haihuwa, namiji. Yaya ya sa masa sunan yankan kakanmu, kamar yadda ya yi niyya tun farko. Kowa ya yaba. Iya ta karɓi jaririn ta yi masa addu'a, ta ce masa maigida, domin shi ma sunansa ya shiga cikin waɗanda ba za ta iya furtawa ba.

Kafin ranar suna Yaya ya kira wani birkila, ya kafa tsani a ƙofar zaure. Sai da ya shiga ya nemi izinin Iya tukuna, na ji shi da kunnena. Ya durƙusa ya ce idan ba ta so a bari, zai haƙura. Ta ce a cire. Ya ce mata ita kam ta ci gaba da kiran Kaka yadda ta saba, ba wanda zai hana ta, Allah ya san abin da ke zuciyarta.

"Angona," ta ce, "da wannan bakin nake salla. Shekara da shekaru ina kiran bawan Allah da abin nan a gaban 'ya'yansa, yana amsawa. Ya isa haka."

Simintin na da ne, ya yi ƙarfi, birkilan ya sha wahala. Ƙarar gudumarsa ta cika gidan tun hantsi har la'asar. Maƙwabta suka taru suna tambaya, Yaya ya ce gyara ake yi saboda suna. Bai gaya wa kowa ma'anar ba, ni ma ban gaya ba. Har yau masu okada da tsohon sunan suke kawo mana baƙi, kuma 'yan kasuwa da shi suke kiran Yaya, yana amsawa da gajiya. Ni ma ban sauya nawa ba, hidimar sauyawar ta fi ƙarfina. Kullum da safe a wurin aiki wani zai kira ni da shi, in ɗago kai. Abin da aka kankare a bango bai fita daga bakin gari ba. Daga baki ɗaya kawai ya fita.

Na yi ƙoƙari. Na ce ta riƙa cewa Malam, ta ce ba malami ba ne, direba ne, zai yi mata dariya. Na ce Alhaji, ta ce Allah bai nufe shi da zuwa ba, ba za ta yi masa ƙarya ba. Na ce to marigayi. Ta ce marigayan nata sun yi yawa, wanne daga ciki. Na sake kawo mata labarin matar nan ta ƙasar sanyi da jaririnta, yadda na ƙawata shi a raina. Ta saurara har ƙarshe don kada ta ɓata mini rai, ta ce Allah sarki, uwa dai uwa ce a ko'ina. 

Har yanzu ina kwanciya a tabarmar nan idan na dawo da wuri. Hannunta ya rage sauri, goron ma ya ragu. Tana yi mini hirar farashi, da ciwon gwiwa, da wadda ta haihu a layin baya. Kwanan baya na roƙe ta ta ba ni labarin shekarar da ruwa ya ci hanya, aka yi ta jiran motocin goro ba su iso ba. Na san labarin, so nake in ji shi a bakinta. Ta fara da kyau, ta faɗi yadda matan direbobi suka taru a zauren nan, yadda aka aika yara Ojoo su tsaya a bakin hanya. Ta zo daidai inda motar ta shigo layi, ƙofa ta buɗe, mutum ya sauko. Leɓenta ya motsa ya tsaya.

"Shi dai," ta ce. "Shi ya sauko."

Ta murza goro ɗaya a tafin hannunta. Na jira. Ta ce sauran ba wani abu ba ne, ta gaji, in miƙo mata buta.